Marsandin da Ke Tsallake Giya Ɗaya

A cikin tsofaffin motocin Mercedes-Benz, waɗanda Hausawa ke kira Marsandi, akwai masu giyar otomatik da ke da wata ɗabi'a tasu ta daban. Idan direba ya ja sandar giya zuwa D, ya saki birki, ya taɓa totur a hankali, motar da giya biyu take tashi. Giya ɗaya tana nan cikin giyabos, lafiyarta ƙalau, amma ba ta fitowa sai an neme ta da gangan. Shekaru talatin da suka wuce wannan zance ne da ake tafkawa a gareji, daga Kaduna har Saminaka da Kafanchan, tsakanin mai mota da ke ƙorafin motarsa ta yi nauyi wajen tashi da bakaniken da ke neman yadda zai sa ta fara da giyar farko. Yau wanda ya tsaya a tashar Kauru zai daɗe bai ga irin motar ta gifta ba. Inda aka fi ganinta shi ne bayan gida ko gefen gareji, tayoyi sun sace, fenti ya koɗe, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Da motar ta kwanta, zancen ma ya kwanta tare da ita.

Kafin Marsandi mai otomatik ta yawaita, hannun direbobin wannan yanki a kan giyar hannu ya faɗa. Tun da kamfanin haɗa motocin Peugeot, wato Fijo, ya fara aiki a Kakuri, cikin Kaduna, a 1975, Fijo ce motar gwamnati, motar 'yan kasuwa, motar haya. Akori-kurar 404 mai sandar giya a jikin sitiyari ita ke kwaso masara daga ƙauyuka, 504 doguwa kuma ta jigilar fasinja. A waɗannan motoci babu abin da ke zaɓar wa direba giya. Ƙafar hagu na kan kuloci, ta dama na kai-kawo tsakanin birki da totur, kunne na sauraron inji. Ƙasar Kauru kuwa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Duwatsu ne da tuddai da rafuka, hanyoyin da ke shiga Geshere da Damakasuwa da ƙauyukan da ke bayansu sun sha zama burji, da rani ƙura, da damina taɓo. A irin wannan ƙasa giya ɗaya, wadda tsofaffin direbobi ke ce wa lamba wan, ita ce uwar giyoyi.

Tashi a tsakiyar hawa da lodi shi ne jarrabawar da ke raba direba da ɗan koyo. Mota ta tsaya a gangaren tudu, buhuna sun danne bayanta har safaya na neman taɓa ƙasa. Yaron mota ya diro da gudu, waigi a hannu, ko dutse in babu waigin, ya cusa bayan taya. Oga ya sa lamba wan, ya ɗago kuloci kaɗan-kaɗan har sai ya ji gaban motar ya ɗan ɗaga, muryar inji ta yi ƙasa kamar mai gyaran murya, sannan ya ba ta wuta. Ta motsa, yaro ya sure waigi ya bi ta a guje ya ɗare. In an yi gaggawa inji ya mutu, in an yi jinkiri warin kuloci mai kama da ƙonannen gashi ya cika hanci, fasinjoji su fara salati, wasu na kiran Yesu, kowa da abin da ya fara zuwa bakinsa. Yaro kan shekara biyu ko uku yana wanke mota da ɗaukar waigi kafin ogansa ya yarda ya ba shi sitiyari a irin wannan wuri. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, kuma a kan tudu ba karin magana ba ce kawai, ƙa'idar aiki ce.

Marsandi kuwa da farko motar manya ce. A cikin wata baƙar Marsandi aka harbe Janar Murtala Muhammed a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976, babbar nan kuma da ta fito a 1979 har laƙabin Shagari aka yi mata, don a zamanin mulkinsa ta yi tashe. Abin ya sauya bayan 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai aka koma kan motocin da Turawa suka gama yayinsu, ana sauke su a tashar jiragen ruwan Kwatano a shigo da su ta ƙasa. Ta wannan ƙofa Marsandi ta sauko daga gidan gwamnati zuwa gidan dillalin hatsi, da hedimasta mai ritaya, da hakimi, da ɗan kwangila. Akwai ƙirar 1976 mai shimfiɗaɗɗen but, akwai ƙaramar 190 ta 1982, akwai kuma wadda ta biyo bayansu a tsakiyar shekarun 1980, wadda 'yan Nijeriya suka raɗa wa suna V-boot saboda yankan murfin bayanta. Da yawansu da giyar hannu suka zo, amma masu otomatik ma ba kaɗan ba ne, kuma da su aka fara jin ƙorafin nauyin tashi.

Don a gane ƙorafin sai an leƙa cikin giyabos ɗin. Mota mai otomatik ba ta da kulocin takawa. A madadinsa akwai wata tukunyar ƙarfe cike da man giya tsakanin inji da giyabos, bakanikai na ce mata konbata. A cikinta akwai farfela biyu suna fuskantar juna. Inji na juya ɗaya, ita kuma tana watsa mai da ƙarfi a kan ɗayar har ta tilasta mata juyawa, kamar a kunna fanka a gaban wata fankar da ba a kunna ba. Tun da mai ne ya haɗa su ba ƙarfe ba, mota na iya tsayawa cik a cikin giya inji bai mutu ba. Akwai kuma ƙaramar farfela ta uku a tsakiya da ke mayar da man, wadda ke sa konbata ta ninka ƙarfin juyin inji kusan sau biyu a daidai lokacin tashi. Wannan ninki shi ya ba injiniyoyin Jamus damar cewa babban inji zai iya ɗaga mota da giya biyu ba tare da wahala ba.

Giyabos ɗin da ya fi yawa a waɗannan motoci shi ne mai lamba 722.3, da ƙaninsa 722.4 na ƙananan injuna. Giya huɗu gare su, kuma babu kwamfuta a cikinsu ko ɗaya. Abin da ke yanke shawarar canjin giya wani faranti ne a ƙasan giyabos, cike da ƙananan hanyoyin mai kamar gidan tururuwa, da bawul-bawul da sifirin da ƙananan ƙwallaye. Saƙo uku ke isa gare shi. Wata na'ura a bayan giyabos tana ƙara matsin mai gwargwadon gudun mota. Wata wayar ƙarfe da ta taso daga totur tana sanar da shi yadda direba ya taka. Wani siririn tiyo kuma yana kawo zuƙar iskar inji, wadda da ita ake daidaita taushi ko zafin shigar giya. Daga ja-in-jar waɗannan matsi ne giya ke hawa ko sauka. A ƙirar baya-baya ta 722.3, inji na juyawa sau 3.87 a giya ɗaya kafin sandar da ke fita bayan giyabos ta juya sau ɗaya, a giya biyu kuwa sau 2.25. A 722.4 lissafin 4.25 ne da 2.41. Ma'ana, motar da ta tashi da giya biyu ta bar ƙarin ƙarfi na sama da kashi 70 cikin ɗari da giya ɗaya za ta ba ta.

Ba kuskure ba ne, da niyya aka yi, kuma ba duka aka yi wa ba, don ya danganta da inji da shekara da ƙasar da aka yi motar dominta. An fi samun abin a masu shan fetur, musamman manyan injuna. Dalilan na can ne. Attajirin da ke zaune a kujerar baya yana karanta jarida a cunkoson Stuttgart ba ya son fizga. Mota a giya biyu ba ta yawan jan jiki gaba idan an tsaya a danja, kuma an rage canjin giya guda a kowane tashi. Sannan akwai ƙanƙara: motar da ke tura kanta da tayoyin baya, in aka ba ta ƙarfi da yawa a kan santsi, tayoyin sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Duk wannan daidai ne a shimfiɗaɗɗiyar kwalta da mutum biyu a mota. Amma inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Motar da ta riga ta ci kilomita dubu ɗari biyu ko uku a Turai, injinta ya fara gajiya, aka ɗora mata mutum shida da buhun masara biyu a but, aka ce ta tashi a hawa da rana tsaka, sai ta yi ta gurnani tana rarrafe, konbata na ta dama mai, mai na ɗaukar zafi.

A nan ne ake kai ta gareji. Mai mota ya ce, "Oga, duba mini ita, ba ta da numfashi in za ta tashi." Bakaniken da bai san ƙirar ba sai ya bi fulogi da kafireto da famfon mai, ya canza wannan ya wanke wancan, kuɗi su tafi ciwo na nan. Wanda ya sani kuwa zai ce a shiga a zaga. Ya tashi a hankali yana ƙirga canji da kunne: ɗaya, biyu, shi ke nan. Canji biyu a giyabos mai giya huɗu na nufin daga ta biyu aka fara. Sai ya juyo ya ce, "Alhaji, ba ciwo ba ne, haka aka haife ta."

Abin da ya kamata ya biyo baya kyauta ne, don masu ƙirar sun bar ƙofa biyu a buɗe. Ta farko, a ƙarƙashin totur akwai wani makunni da ƙafa ba ta kai wa gare shi sai an take har ƙasa an ƙara dannawa. Da ya danna, wuta ta tafi ga wani bawul mai maganaɗisu a jikin giyabos, giya ta sauka zuwa mafi ƙanƙantar da gudun motar zai ɗauka, wato giya ɗaya in a tsaye take. Ta biyu ta fi wannan ladabi: a ja sandar giya zuwa matsayin ƙarshe, wanda aka rubuta wa 2 a wasu, L a tsofaffi, B a wasu manyan, motar ta tashi da giya ɗaya, in ta miƙe a mayar da sandar D. Wannan na rubuce a littafin da ke zuwa da motar. Sai dai littafin da Jamusanci yake, kuma galibi bai ma iso ba, ya ɓace tsakanin jirgin ruwa da Kwatano. Tsohon direban Fijo, wanda hannunsa bai saba zama wuri ɗaya ba, shi ya fi saurin gano dabarar. Wanda ya sayi otomatik don ya huta da taɓa sanda kuwa, so yake a yi masa gyara na dindindin.

Gyaran iri-iri ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba. Mafi arha shi ne a ɗaure wayar ƙarfen nan ta totur, giyabos ya riƙa zaton an taka fiye da yadda aka taka. Yana iya sa giya ɗaya ta riƙa shigowa da wuri, amma duk sauran canje-canjen ma sai su yi jinkiri, mota ta yi ta ihu a giya biyu da uku kafin ta saki. Na biyu aikin rewaya ne: ya ja waya biyu daga makunnin ƙarƙashin totur zuwa wani maɓalli kusa da sitiyari, direba ya danna in zai tashi, ya saki in ya motsa. Yana aiki sarai, illarsa mantuwa. In aka bar shi a kunne, giyabos zai riƙe kowace giya har inji ya kusa ƙure ƙarfinsa, fetur na tafiya kamar an huda tanki. Masu zurfin tunani sun gyara wannan ta hanyar sa wata 'yar na'ura da ke ba bawul ɗin wuta idan mota na tsaye, ta yanke da kanta da zarar an ɗan motsa, ko dai ta bin wutar fitilar birki ko ta bin saƙon gudu. A Turai da Amurka, inda masu sha'awar tsofaffin Marsandi ke riritarsu har yau, irin wannan na'ura sayar da ita ake yi a haɗe.

Na ƙarshe shi ne na ƙwararru: a zubar da mai, a kwance faranti, a buɗe shi a canza sifirin ko bawul ɗin da ke riƙe motar a giya biyu, ko a ɗauko faranti sukutum daga giyabos ɗin da asalinsa da giya ɗaya yake tashi. A nan ake gane bakanike. Ana shimfiɗa farin ƙyalle ko kwali mai tsabta, ana ɗaga rabin farantin a kwance, a hankali, don ƙwallayen da ke ciki ba su kai ƙwayar gujiya ba, kuma kowanne da raminsa. Ɗaya ya gangara cikin yashi, ko iskar hunturu ta watsa ƙura a hanyoyin man, ribas na iya ɓacewa ko giya uku ta riƙa zamewa. Faranti kuma ba kowanne ke shiga kowane giyabos ba ko da ramukan kusoshi sun yi daidai, don an auna sifirin ɗinsa ne da ƙarfin wani inji na musamman. Wanda ya je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ɗauko na dizal ya ɗaura wa mai fetur, ya yi gyaran gangar Abzinawa.

In gyaran ya yi kyau, ribarsa a fili take. Mota na zabura daga tsaye, hawa ya daina zama abin fargaba, konbata ta rage dama mai a banza, zafi ya ragu. Zafi kuwa shi ne babban makashin giyar otomatik. Man da ya fito ja garau kamar zoɓo, in ya sha wuta sai ya koma ruwan ƙasa-ƙasa yana warin ƙauri, daga nan faifan ciki sun kama hanyar ƙonewa. Amma akwai abin da ake biya. Shiga daga giya ɗaya zuwa biyu a wannan giyabos ba ta da taushi, takan zo da ɗan duka a baya, wanda dama shi masu ƙirar suka so su ɓoye wa attajirin nan mai karanta jarida. Ɗamarar da ke kama giya biyu, wadda a da take zaune a kame tun mota na tsaye, yanzu sai ta cafki ƙarfe mai juyawa a kowane tashi, ga robobin da ke riƙe da sandar baya su ma suna shan fizga. Sannan ga wani abin dariya da damina ke tonawa. A watan Agusta, idan jar lakar hanya ta jiƙe ta zama kamar sabulu, dabarar da aka yi don ƙanƙarar Jamus ita ce daidai da taɓon Kauru. Motar da aka bari yadda take sai ta lallaɓa ta fita da giya biyu, wadda aka yi wa gyaran dindindin kuwa ta tsaya tana watsa wa masu turi laka a riga tana haƙa wa kanta rami. Shi ya sa gyaran da ke da makunnin kashewa ya fi wanda aka binne cikin faranti.

Zamanin ya juya daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da Mercedes ta fito da giyabos mai giya biyar, 722.6, wanda kwamfuta ke sarrafawa. Tambayar da ake kwance faranti saboda ita sai ta koma ɗan maɓalli a gefen sanda: S a tashi da giya ɗaya, W na lokacin sanyi a tashi da ta biyu. Daga baya aka yi mai giya bakwai a 2003, mai tara a 2013. A kan hanyoyin Kudancin Kaduna kuma Golf da Sharan da Vectra suka karɓe haya, Toyota da Honda masu otomatik suka cika gidajen ma'aikata, babur ya ƙwace ƙauyukan da mota ke shan wuya. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017 ya rage kwararar 'yan Kwatano, cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuma ya ƙarasa tsofaffin manyan injuna, don mai V-boot mai silinda shida sai ya yi lissafi sau biyu kafin ya ɗauki makulli.

Ba daidai ba ne a ce da can komai ya fi. Tsohuwar Marsandi mashayiya ce, konbatarta ba ta kullewa a kan doguwar tafiya kamar na yanzu, don haka ko a kan kwalta tana ɓarnar mai. Motar yau ta fi ta sanin giyar da ta dace da tudu, kuma ba ta mantuwa. Malamar asibiti ko malamin makaranta da a da tsoron kuloci ya hana su tuƙi, yau mako biyu ya ishe su. Koyon da ake yabo ma ba kyauta yake ba: yaran mota da yawa sun sha ranƙwashi da zagi, wasu sun bar yatsu a ƙarƙashin taya wajen sa waigi, wasu sun tsufa ba a taɓa miƙa musu sitiyari ba. Gyaran kunne da ƙiyasi kuma ya kashe giyabos masu yawa da ba a ƙirga ba.

Abin da aka rasa shi ne kusanci tsakanin mota da mai gyaranta. Tsohon giyabos yana da sandar gwada mai, kowa na iya zaro ta ya duba launi, ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu. Sabon da ya gaje shi da bututu a toshe ya zo, babu sanda, aka ce mansa na har abada ne, maganar da zafin Nijeriya bai amince da ita ba. Yawancin tsofaffin ma suna da famfo na biyu a baya, wanda ke sa a iya tayar da inji ta hanyar jan motar da wata in batir ya mutu, abin da otomatik na yanzu ba ya yi. Ciwon tsohuwar mota ana jin sa da kunne a gyara shi da sifana a gindin mangwaro. Ciwon sabuwa fitila ce ke kamawa a gaban direba, giyabos ya maƙale a giya guda ya ƙi sakin ta, sai an nemo mai na'urar karanta kwamfuta, wanda sau da yawa yana Kaduna ko Jos ko Zariya. Daga ƙauyen Kauru, wannan na nufin kuɗin janwe kafin a san ko menene ciwon.

Ga 'yan ƙalilan da har yanzu ke riƙe da irin wannan Marsandi, hukuncin bai da tsawo. Motar da aikinta cikin gari ne ko kan kwaltar Pambegua zuwa Saminaka ba ta buƙatar a taɓa ta. Wadda ke hawa da lodi kullum ta cancanci makunni mai yanke kansa, da mai mai tsabta, da lagireto mai lafiya, tun da ta cikinsa man giya ke bi ya huce. Buɗe faranti kuwa sai in an sami hannun da ya taɓa yi, kuma masu irin hannun yawancinsu sun manyanta. Wanda bai sami ko ɗaya ba, ya ja sanda zuwa 2 a gindin tudu, ya mayar da ita D in ya hau.